Gonar Ikkilisiya da Gumin Mai Noma

A ranar 17 ga Maris 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta fari a gindin tsamiya a Garkida. Inuwar itace ce majami'arsu. Daga baya aka sami filaye, aka gina asibiti da makarantu, har da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp a Kwarhi kusa da Mubi, inda ɗalibai suka riƙa haɗa karatu da noma. Yau ikkilisiyoyi da yawa a ƙasar Mubi suna da gonar masara ko ta gyaɗa, na cikin gari kuwa suna da shagunan haya. To, yaushe gonar da aka miƙa wa Allah take daina zama baiko, ta koma sarauta?

Tarihin Japan ya taɓa amsa wannan tambaya. A shekara ta 743 aka yi doka cewa wanda ya sare daji ya mai da shi gona, ta zama tasa har abada. Manyan haikalan addinin Buddha, irin su Todaiji na birnin Nara, suka tara gandaye, aka kuma yafe wa da yawa daga cikinsu haraji. Sai masu gonaki suka fara miƙa ƙasarsu ga haikali domin su tsira daga masu karɓar harajin gwamnati, su kuma suna kai masa shinkafa kowace kaka. Mafaka suka nema, ubangida suka samu. Dukiyar ta buƙaci tsaro, har haikalin Enryakuji na dutsen Hiei ya tara mayaƙa. A 1571 Oda Nobunaga ya ƙone shi, dubban mutane suka hallaka.

Ba wanda zai ce laifi ne ikkilisiya ta mallaki ƙasa. Da Boko Haram suka kama Mubi da Kwarhi a Oktoba 2014, filayen da aka saya a jihar Nasarawa ne aka gina wa waɗansu masu gudun hijira gidaje a kai. Amma Shari'ar Musa ta yi taka-tsantsan: ba a ba Lawiyawa rabon gādo kamar sauran kabilu ba, sai garuruwan zama da makiyaya, kuma duk shekara ta hamsin gonar da aka sayar takan koma ga masu ita.

Gwajin yakan zo ne a ƙaramin abu. Gwauruwa ta karɓi hayar gonar ikkilisiya a kan buhu uku, ruwa ya ɗauke a Satumba, ta sami buhu huɗu, ga marayu biyar. Ma'aji yana da gaskiya, domin da wannan hatsi ake ciyar da mai bishara, shi ma da iyali. Sai dai in dattawa suka karɓi ukun cif, ranar Lahadi za ta zauna a gaban mai gonarta, alhali fastonta ta zo saurara. Haikalan Japan sun adana takardun lissafin shinkafarsu da kyau ƙwarai, har yau masana suna karanta su.