Algus: ƙaryar da ake yi baki a rufe

Jabu daban, algus daban. Maganin jabu ƙarya ne tun daga kwali har ƙwaya. Shi kuwa algus ba ya tafiya sai da gaskiya: a shimfiɗa mai kyau a sama, a cusa marar kyau a ƙasa. Shi ya sa nake ganin ya fi muni, don gaskiyar ce aka mayar 'yar dako.

A tsaya wurin masu cika buhun albasa a Mora lokacin da kaya suka fito. Ga wani ya ware manya-manya, jajaye, masu sheƙi, ya tara gefe. Ƙanana da waɗanda suka fara ruwa su ke shiga tsakiya, sannan a jera zaɓaɓɓun a baki a ɗinke. Mai saye ya zo, ya taɓa, ya jinjina kai. Mai kaya bai rantse ba, bai ma ce uffan ba, har yana iya tashi ya bi jam'in la'asar da zuciya ɗaya. In ka yi magana ya ce, "Malam, ai idonsa ya gani." To me ya gani? Abin da ka shirya masa.

Abin ba sabo ba ne. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya taɓa cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba. Haka mai yayyafa wa auduga ruwa kafin ta hau sikelin Sodecoton, kamfanin Garwa da aka kafa a 1974, da mai surka zuwa-zuwa, wato man fetur na kwalba.

Sai dai buhu ba ya riƙe sirri. Daga Mora zuwa Marwa kilomita 60 ne ko kusa, asiri na iya kaiwa can a rufe. Amma kafin mota ta wuce Garwa da Ngaundere ta sauka Yawunde ko Duwala, ruɓaɓɓiya ɗaya ta shafi 'yan'uwanta. Ɗan kasuwar can bai san sunan wanda ya cuce shi ba, garin kawai ya sani. Baɗi sai ya rage kuɗin kowane buhu, har da na dattijon da bai taɓa ɓoye ko ɗaya ba.