Wanda Ya Kulle Ƙofa Ya Ɗauki Amana: Tsokaci Kan Halin Mata a Gidajen Yari

Gabatarwa

Ba banza ba Hausawa suke kiran kurkuku da sunan gidan yari. A tsarin sarautun ƙasar Hausa, Yari shi ne wanda sarki ya damƙa wa tsaron fursunoni, shi ya sa wurin da ake tsare su ya ci sunan gidansa. Gida kuwa a wurin Bahaushe ba ya rasa maigida, kuma duk wanda ya kwana a ƙarƙashin rufin maigida, to cinsa da shansa da jinyarsa suna wuyan maigidan. A wannan maƙala muna so mu yi nazarin wata tambaya da ta shafi ɗa'a: idan alƙali ya yanke wa mace hukuncin ɗauri, mene ne ya halatta a karɓe mata, mene ne kuma ya rage nata wanda babu mai ikon taɓawa?

Halin da Ake Ciki

Mata ba su wuce kimanin biyu cikin ɗari na waɗanda ke tsare a gidajen yarin Nijeriya ba. Mai karatu zai zaci ƙarancin nan rahama ne a gare su, alhali shi ne ya sa aka manta da su. Yawancin gidajen yarinmu don maza aka gina su, wasu tun zamanin Turawa, sai aka yanki wani lungu aka ce nan ne ɓangaren mata. Gidajen da aka keɓe wa mata zalla, irin na Kirikiri a Legas, 'yan ƙalilan ne a ƙasa mai jihohi 36.

Mace tana da larurorin da wanda ya zana ginin bai yi tunaninsu ba. Tana yin al'ada duk wata, tana bukatar audugar mata da sabulu da wadataccen ruwa. Wata da juna biyu ake shigowa da ita, tana bukatar awo da abinci mai gina jiki. Wata kuma da goyo a bayanta. A shekarar 2024 gwamnati ta ƙara kuɗin ciyar da fursuna daga naira 750 zuwa naira 1,125 a yini. Duk wanda ke zuwa cefane ya san iyakar abin da wannan kuɗi zai saya a ci sau uku, balle a ce mai shayarwa ce za ta ci ta samar wa jariri nono.

Akan cike giɓin ne da abin da dangi suka kawo, kuma a nan ma mace ce a baya. Idan namiji ya shiga kurkuku, matarsa da mahaifiyarsa sukan yi ta jigilar kwano. Idan mace ce, sau da yawa dangi kan ɗauke ƙafa don gudun abin kunya, wani lokaci ma takardar saki ce za ta iske ta a can.

Abin da Doka Ta Tanada

Doka ba ta yi shiru ba. A shekarar 2019 aka kafa dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa hukumar gyaran hali. Sashe na 34 na dokar ya wajabta keɓe wa mata wurarensu a kowace jiha, da yi musu gwajin ciki idan an shigo da su, da kula da masu juna biyu, da tanadin wurin renon jarirai da kayan tsafta. Kafin nan, a shekarar 2010, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji 70 da ake kira Ƙa'idojin Bangkok, waɗanda suka ce a ba mata audugar al'ada kyauta, suka kuma haramta sa wa mace mari ko ankwa tana naƙuda. Ashe ba a jahilci abin da ya dace ba. Amma Hausawa sun ce ba a nan gizo ke saƙa ba, domin rubutu a takarda ba ya zama ruwa a randa sai an sa kuɗi da niyya.

Hujjojin Masu Kawar da Kai

Hujja ta farko da mukan ji ita ce, ai mai laifi ce, abin da ta shuka shi take girba. Amsarmu a nan kashi uku ce. Na ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, kotu ba ta tabbatar musu da laifi ba, wasu kuwa rashin mai tsaya musu beli ne kurum ya zaunar da su. Na biyu, ko wadda laifinta ya tabbata, alƙali watanni ko shekaru ya ƙirga mata. Bai rubuta a takardarsa cewa ta kamu da tarin fuka ba, bai ce jini ya ɓalle mata a rasa mai taimako ba. Duk wahalar da ta ƙaru a kan abin da aka yanke, hukunci ne na biyu wanda babu kotun da ta zauna a kansa. Na uku, jaririn da ke bayanta wane laifi ya yi? A gida da an yi wa uwarsa wankan jego, an dama mata kunun kanwa, an taru ran suna. Idan ba za a iya ba shi wannan gata ba, bai kamata a hana shi nono da riga-kafi ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba za mu raina ta ba. Masu ita kan ce, ga matan karkara da ba su yi laifin komai ba suna mutuwa wajen haihuwa saboda rashin asibiti, yaya za a fifita fursuna a kansu? Gaskiya ne haƙƙin matan karkara yana wuyan hukuma. Sai dai akwai bambanci guda. Matar ƙauye, duk talaucinta, tana iya aika yaro ya kira ungozoma, tana iya sayar da akuyarta, maƙwabta na iya ɗora ta a kan babur zuwa gari. Wadda ke tsare an toshe mata waɗannan hanyoyi duka, kuma da sunanmu aka toshe su, tun da hukuma wakiliyarmu ce. Wanda ya hana mutum neman wa kansa magani, nemo maganin ya koma kansa.

Wannan fahimta tsohuwa ce a wurinmu. Yaran Islamiyya ma sun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Idan wannan ne matsayin kyanwa, ina ga 'yar Adam? Haka nan Annabi (SAW) ya jinkirta hukuncin matar nan Bagamidiya har ta haihu, ta kuma yaye ɗanta. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, a littafinsa Kitabul Kharaj, ya shawarci Halifa Haruna Rashid da a ciyar da fursunoni daga baitulmali, a ba su tufafin sanyi da na zafi, bai kuma manta da mata ba.

Mu tuna kuma ba duk wadda ta shiga kurkuku ce abar ƙyama ba. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta rasu a 2001, an sha ɗaure ta saboda gwagwarmayar NEPU, yau ga shi sunanta ake sa wa asibiti da ɗakunan kwanan ɗalibai.

Kammalawa

Ba muna cewa a daina hukunta mata masu laifi ba ne, domin al'ummar da babu hukunci a cikinta ta zama daji. Abin da muke cewa shi ne hukunci ya tsaya inda alƙali ya tsayar da shi. Dokar 2019 ta buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima, kuma mai ciki ko mai goyo da ta yi ƙaramin laifi ita ta fi cancanta da shi. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali, saboda haka gwamnoni ba su da sauran uzurin cewa aikin tarayya ne. Mu ma malamai da ɗalibai muna da namu rabon. Ƙungiyoyinmu da ke tara sadaka da azumi suna iya sa sabulu da audugar mata da zannuwan jarirai cikin lissafi, ɗalibanmu na sashen shari'a kuma suna iya bin kadin wadda ta daɗe ba a kai ta kotu ba. Mabuɗin yana hannun gandiroba, amma amanar tana wuyanmu baki ɗaya, kuma za a tambaye mu a kanta.