SATAR ALƘALAMI: GARGAƊI GA MASU CIN GUMIN MARUBUTA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya sanar da ɗan Adam rubutu da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Dandin Mahe da kewaye, wa'azinmu na yau a kan wata irin sata ne wadda mutane ba su ɗauke ta sata ba. Wanda ya kwance tunkiyar maƙwabcinsa da dare, kowa ya san sunansa. Wanda ya matsar da iyakar gona ya ci kunya biyu ta ɗan'uwansa, shi ma an san hukuncinsa, domin Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci mai canja alamar iyakar ƙasa. To, amma wanda ya ɗauki rubutun wani, ya kankare sunan mai shi, ya ɗora nasa, shi sai a ce masa malam, a ce masa fasihi, har a shimfiɗa masa buzu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Wannan ita ce satar alƙalami.

SHARI'AR DA AKA YI A AMURKA

Bari mu fara da wani labari, domin ku ga abin a fili. A shekarar 1976 wani marubuci baƙar fata ɗan ƙasar Amurka, mai suna Alex Haley, ya fitar da littafi mai suna Roots, watau Saiwoyi. A ciki ya ba da labarin wanda ya ce kakansa ne na can nesa, Kunta Kinte, wani saurayi Musulmi daga ƙauyen Jufure a ƙasar Gambiya, wanda aka kama aka sayar bawa. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai. A 1977 aka mai da shi wasan talabijin, miliyoyin mutane suka kalla, aka kuma ba shi lambar girma ta Pulitzer. Duk inda ka juya, Haley ake zance.

Ana cikin haka sai wani dattijo mai suna Harold Courlander, wanda sunansa bai kai ko kusa da na Haley ba, ya kai ƙara kotu a birnin New York. Ya ce shi yana da littafi mai suna The African, wanda ya fito tun 1967, shekara tara kafin Roots, kuma an kwashi wurare 81 daga cikinsa ba da izninsa ba, ba a ko ambace shi ba. Aka yi makonni ana shari'a a 1978, ana ajiye shafi kusa da shafi. Kafin alƙali ya yanke hukunci sai aka yi sulhu a watan Disamba. Haley ya amsa cewa lalle wasu abubuwa daga littafin Courlander sun shiga cikin nasa, ya nuna nadama, ko da yake ya ce ba da gangan ya yi ba. Jaridu suka ruwaito cewa dala 650,000 aka biya mai ƙara. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Haley ya mutu a 1992, amma har yanzu in aka ambaci littafinsa sai an ambaci wannan tabo.

To, jama'a, waɗannan mutane ba Alƙur'ani suke hukunci da shi ba, amma sun tsayar da babba gaban ƙarami. Mu fa, da aka saukar mana da Littafi?

ABIN DA ALƘUR'ANI DA SUNNA SUKA CE

Ku duba Suratu Ali Imrana, aya ta 188. A can Allah Maɗaukakin Sarki ya yi alkawarin azaba mai raɗaɗi ga masu son a yabe su a kan abin da ba su aikata ba. Mai satar rubutu me yake nema in ba wannan yabon ba? Ku duba Suratu Hudu, aya ta 85, inda Annabi Shu'aibu ya hana mutanensa tauye wa mutane kayansu. Mutumin da ya yi shekara biyar yana bincike, ya hana idonsa barci, ya ƙone kananzir, ashe wahalarsa ba ta cikin kayansa?

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa Annabi (S.A.W.) ya kamanta mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufa biyu na ƙarya. Hausawa kuwa suka ce kayan aro ba ya rufe katara. Aro ma ke nan, balle sata.

Sa'an nan ga hadisin matar nan ta Banu Mahzum da ta yi sata. Ƙuraishawa suka ga 'yar babban gida ce, suka tura Usamatu ɗan Zaidu ya yi ceto. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne suna ƙyale mai daraja in ya yi sata, suna hukunta mai rauni. Ku riƙe wannan da kyau. Cutar da ke cikinmu ke nan. In ƙaramin marubuci ya ce wane ya kwashe mini littafi, ko ya mai da labarina fim bai sanar da ni ba, sai a ce masa: "Kai wane ne? Hassada ce kawai. Suna kake nema." Ba a ko buɗe littattafan an gwada ba! Wallahi suna ba hujja ba ne. Yawan mabiya ba ya mai da haram halal.

GADON DA MUKA TARAR

Ya ku 'yan'uwa, mu a wannan yanki ba mu da uzuri ko kaɗan. Ga Sifawa nan kusa da mu, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ku buɗe littafinsa Ihya'us Sunna. Za ku ga in ya ɗauko magana daga Madkhal na Ibnul Hajji, sai ya ambaci littafin, ya kawo maganar, ya nuna inda ta ƙare. Ga kuma Boɗinga, inda ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna. Shi littafi sukutum ya yi a 1812, Ida'un Nusukhi, domin kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne, tun daga mahaifinsa, zuwa Shehu, zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shin faɗin haka ya rage masa daraja? Ƙara masa ya yi.

Wannan tarbiyyar malaman Hadisi ce. Abdullahi ɗan Mubarak, kamar yadda Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa, ya lissafa isnadi cikin addini, domin ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Kuma magabata ba su yi wa wannan al'amari sassauci ba. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya yi wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya wallafa takarda musamman a kan bambancin mawallafi da ɓarawo, mai suna Al-Fariƙu bainal Musannifi was Sariƙ. Malaman tarihi sun ruwaito cewa ya kai kukan Imam Ƙasɗalani wurin Shaihul Islam Zakariyya Al-Ansari. Me ya yi masa? Ya ce yana ɗaukar maganar Baihaƙi daga cikin littattafansa, sai ya tsallake shi ya ce Baihaƙi ya ce, kamar shi ya tono ta da kansa. Ku ji iyakar laifin fa! Kuma aka ruwaito cewa Ƙasɗalani, mai sharhin Buhari guda, ya tako da ƙafa babu takalmi daga Alƙahira har Rauda, ƙofar gidan Suyuɗi, domin ya wanke masa zuciya. Allah ya jiƙan su baki ɗaya. Yau wa zai yi wannan?

AMSA GA MASU SHUBUHA

Wani zai ce: "Malam, ai ilimi na Allah ne, kuma ɓoye shi haramun ne." Gaskiya ne ilimi na Allah ne. Ƙasa ma ta Allah ce, amma ba ka shiga gonar wani ka girbe geronsa. Babu wanda ya hana ka karanta, ka fahimta, ka karantar, ka kafa hujja da maganar wani. Abin da aka hana ka shi ne ƙarya, ka ce ni na yi alhali ba kai ka yi ba, da kuma cin kuɗin wahalar wani. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti a watan Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da Shari'a ta kiyaye, bai halatta a keta shi ba. Dokar Nijeriya ma ta tanadi haka tun da daɗewa, an kuma sabunta ta da wadda aka sa wa hannu a 2023.

Ku lura kuma, mai kankare suna da mai liƙa suna tagwaye ne. Wanda ya saba raba magana da mai ita, gobe shi ne zai ƙaga magana ya jingina wa Shehu, ko ya jingina wa Annabi. Ta wannan ƙofa bidi'a take shigowa. Ba ku ga takardar nan ta ƙarya ba, wadda ake cewa wasiyyar wani Shehu Ahmadu ce mai gadin kabarin Manzo, wai duk wanda bai yaɗa ta ba zai ga masifa? Da takarda ce ake rabawa, yanzu ta koma cikin waya. Da mutane sun saba tambayar "wa ya faɗa, a wane littafi?" da ba ta kwana ba.

GARGAƊI GA MAI ƘARA

Adalci kuwa ba ya da gefe ɗaya. Kai ma mai ƙaramin suna, ka ji tsoron Allah. Ba duk kama ce sata ba. Labarin maraya da kishiyar uwa ba na kowa ba ne, tun kakanni ake ba da shi. A wannan shari'a ta Roots ma, wata marubuciya mai suna Margaret Walker ta kai tata ƙarar, kotu ta kore ta a 1978, domin abin da ta nuna bai kai ga sata ba. Shari'a ta ɗora wa mai da'awa kawo hujja, kuma Suratul Hujurati, aya ta 6, ta umurce mu da bincike kafin mu cuci mutane da jahilci. Saboda haka kada ka hau Facebook ka kira Musulmi ɓarawo sai ka ajiye shafi kusa da shafi, da shekarar da kowanne ya fito.

Kai kuma mai kuɗi da manyan lauyoyi, ka tuna hadisin Ummu Salama cikin Buhari da Muslim: wanda ya fi abokin shari'arsa iya baki har aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa, to, yankin wuta aka yanka masa. Kotun duniya tana iya wanke ka, littafin mala'iku yana nan.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Na ɗaya, mai wa'azi in ya ɗauko bayani daga littafin wani ko karatun wani, ya faɗi sunansa, ko da almajirinsa ne, ko da ba 'yan ƙungiya ɗaya ba ne. Da kanmu za mu fara.

Na biyu, ɗalibin da ke kwafe kundin wani ya miƙa a ba shi takardar shaida, ya sani da wannan takarda zai nemi aiki, da albashinta zai ciyar da iyalinsa. Ya dubi abin da yake zuba musu a tukunya.

Na uku, mai tura rubutu a WhatsApp kada ya goge sunan marubuci. Mai ɗab'i da mai shirya fim su nemi izni, su biya.

Na huɗu, wanda ya riga ya aikata ya tuba. Amma haƙƙin bawa istigfari kaɗai ba ya kankare shi. Sai ka je wurin mai abu, ka nemi gafara, ka mayar da sunansa, ka ba shi rabonsa na abin da ka ci. In ya mutu, ga magadansa. Ka biya yau da naira, kafin ranar da Muslim ya ruwaito labarinta a hadisin matsiyaci, ranar da za a ɗebi salla da azumin mutum a biya waɗanda ya zalunta, in sun ƙare a kwaso zunubansu a jibga masa.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya nuna mana ƙarya ya ba mu ikon guje mata. Allah ya tsarkake alƙalumanmu da harsunanmu, ya raba mu da haƙƙin mutane, ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, ya kashe mu a kan Sunna. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.