Mama: Wa Ya Raɗa wa Kalmar Ma'ana?

Wata ranar Juma'a da la'asar ina zaune a tsakar gidanmu, sai 'yar wana, wadda a lokacin ba ta wuce wata bakwai ba, ta buɗe baki ta ce "ma-ma-ma." Uwarta ta sunkuyar da kai don kunya, da yake 'yar fari ce, amma ta faki ido ta raɗa mini cewa, "Ka ji ta kira ni?" Hajiyarmu kuwa, wadda ta goya bakwai, daga kan tabarmarta ta ce, "Ke dai ɗauke ta ki ba ta mama, yunwa take ji." Kalma ɗaya, a wuri ɗaya, mace biyu kowacce da abin da ta ji. Tun daga ranar nake tambayar kaina, shin ma'anar magana a bakin mai faɗa take, ko a kunnen mai ji?

Mai karatu ya san cewa a Hausa mama tana nufin uwa, tana kuma nufin nono idan ana son sakayawa. Ba mu kaɗai ba ne. A Latin, harshen Rumawan dā, mamma nono ne, daga nan ne ma masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya samo sunan Mamaliya da ya laƙaba wa dabbobi masu shayarwa a 1758. A Swahili mama uwa ce, haka a Rashanci, haka a Sinanci. Sinawa, kamar mu, suna da karin sauti: ma da muryar sama uwa ce, idan aka karya muryar ta sauka ta hau sai ta koma doki. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, shi da ke da baba mahaifi, da baba gwaggo, da baba na rini.

To, idan mutum ya jera waɗannan, sai zuciya ta raya masa cewa lalle wannan kalma gadon Adamu da Hauwa'u ce, ta tsira daga harshen farko. Tunani ne mai daɗi, amma akwai masu ɓata shi. Duk mai kallon finafinan Indiya ya sha jin an ce mama ga wani mai gashin baki, domin a Hindi mama kawu ne, wato ɗan'uwan uwa. A ƙasar Jojiya da ke yankin Kaukasus abin ya fi haka, don can mama shi ne uba, uwa kuwa deda. Jafanawan dā ma papa suke ce wa uwa, kafin lafazin ya rikiɗe ya zama haha.

A 1959 wani masanin al'adu Ba'amurke, George Murdock, ya tattara kalmomi 1,072 na uwa da uba daga al'ummu daban-daban, ya ga cewa sautuka irin su ma da na sun fi karkata ga uwa, pa da ta kuma ga uba, ko a harsunan da ba su haɗa dangi ba. A 1960 masanin harshe Roman Jakobson ya kawo bayani. Ya ce jariri idan yana tsotso leɓɓansa a rufe suke, sautin da zai iya fitarwa sai ta hanci, wato "mmm." In ya buɗe baki sai "a" ta biyo baya. Daga bisani yakan yi wannan gurnani ko da ganin abinci, ko don yana so. Ashe ke nan kalmar ba gado ba ce, sabuwa ake haifarta a kowane ɗaki. Ashe kuma Hajiya ce da gaskiya.

Amma ban yarda matar wana ta yi kuskure ba, kuma a nan ne nake so abokaina marubuta su dakata tare da ni. Gaskiya ne yarinyar ba ta nufi kowa ba. Sai dai duk lokacin da ta yi wannan sauti, fuska ɗaya ce ke leƙowa, hannu ɗaya ke ɗaukarta. Yau da gobe, sai ta gane cewa wannan motsi na leɓe yana jawo mutum. Wanda ya amsa kiran da ba a yi masa ba, shi ya mai da shi kira. A Jojiya, ga alama, iyaye maza aka bar wa sautin.

Akwai wani irin ji kuma da ba haka yake ba. Herodotus, marubucin tarihin Girka, ya ba da labarin Fir'auna Samtik, wanda ya hau mulkin Masar a 664 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wai ya so ya san al'ummar da ta fi kowacce daɗewa, sai ya sa aka ware jarirai biyu aka ba makiyayi, da sharaɗin kada kowa ya yi magana a gabansu, awaki ne ke shayar da su. Bayan shekara biyu suka ce "bekos." Aka bincika, aka tarar haka mutanen Firijiya, a Turkiyya ta yau, ke kiran burodi, sarki ya yanke hukunci cewa su ne na farko. Tun zamanin dā masu sharhi suka lura cewa yaran kukan awaki kawai suke kwaikwayo. Shi ma Fir'auna ma'ana ya ɗora wa sauti, kamar matar wana. Bambancin shi ne ita ta amsa ta ɗauki yarinyar, shi kuwa bai ce wa yaran komai ba, ya kwashi abin da yake nema ya tafi fada.

Irin jin Fir'auna ya yi yawa a rubuce-rubucenmu. Mutum ya tsinci kalma biyu masu kama, ɗaya a Hausa ɗaya a wani harshe mai nisa, shi ke nan ya ɗaura wa al'ummu biyu zumunci, bai tambayi yadda kalmar take shekara ɗari biyar da suka wuce ba. Masana da suka sa Hausa cikin dangin Cadi ba da irin su mama suka kafa hujja ba, sun ma san a yi hattara da su. Haka kuma na sha jin sabon marubuci yana ƙorafin cewa an fahimci labarinsa ba yadda ya nufa ba. Wani lokaci zalunci aka yi masa, an karanta shi da kunnen Fir'auna. Wani lokaci kuwa mai karatun ne ya ji abin da ke cikin labarin tun marubucin bai san ya faɗa ba, kuma bai kamata a yi fushi da wannan ba.

Yarinyar nan yanzu tana aji uku na firamare. Da aka yaye ta, ɗakin Hajiya aka kai ta, kamar yadda aka saba yi wa 'yar fari. Uwarta Anti take ce mata, don haka ta ji yaran gida suna faɗa. Hajiya, wadda ta ce yunwa ce kawai, ita ake kira Mama, kuma tana amsawa.