Zafin Bazara da Ruwan Bakolori

Duk wanda ya taɓa barin Talata Mafara a watan Afrilu, lokacin da rana ke narkar da kwalta, iska kuma ta zama tamkar hucin maƙera, ya nufi wajen Dosara domin ya sha iska a bakin tafkin Bakolori, zai fahimci abin da malamai ke nufi da cewa ba a sanin darajar ni'ima sai an ɗanɗani kishiyarta. Saboda irin wannan wahala ce shari'a ta yi wa mai doguwar tafiya rangwamen kasaru, ta kuma so a jinkirta Azahar idan zafi ya tsananta.

Amma akwai mas'ala mai nauyi da ya kamata mai hankali ya yi tadabburi a kanta, domin madatsar Bakolorin nan da aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, wadda take shayar da gonakin shinkafa na Bakura da Mafara, ita ce kuma ta haɗiye gonaki da gidajen dubban talakawa, har aka zubar da jinin manoma masu neman diyya a 1980. Shin, godiyarmu tana cika alhali mun manta da waɗanda suka yi asara muka samu sanyi? A ganina ba ta cika, domin haƙiƙanin shukura ya haɗa da tuna haƙƙin bayin Allah, da yi wa mamatansu addu'a, da tsayar da adalci ga zuriyarsu.