Mai Sana'a, Makaranta Tana Kiranka

Karatu: Fitowa 35:30-35

Sa'ad da Isra'ilawa za su yi alfarwa ta sujada a jeji, Ubangiji ya zaɓi Bezalel da Oholiyab, ya ba su gwaninta ta kowane irin aikin hannu. Ku lura da aya ta 34. Allah ya sa musu zuciyar koya wa waɗansu. Watau baiwar sana'a da nawayar koyarwa tare suka sauko, ba a raba su.

Mu mutanen Birnin Kabi da Argungu, Allah ya wadata mu da sana'a. Ga masunta da homa da gora a Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi tun 1934. Ga manoman shinkafa a fadamar Rima. Cikin ikilisiyoyinmu kuwa akwai tela, da kafinta, da magini, da makanike, da mai gyaran waya.

To, ku dubi makarantun 'ya'yanmu. A shekara ta 2011 gwamnati ta sa sana'o'i cikin karatun sakandare, har da ɗinki da kafinta da kiwon kifi. Amma makarantu da yawa ba su sami malamin da hannunsa ya saba da aikin ba. Yaro ya haddace sunan zarto a takarda, bai taɓa riƙe shi ba. Ya gama makaranta, ba aikin ofis, ba sana'a, sai zaman banza. Ku kuwa kun san abin da zaman banza yake haifarwa.

Wani zai ce, "Ni ɗan rumfa gare ni, ba ni da kuɗi." Ba kuɗi ake roƙonka ba, ɗan'uwa. Sa'a ɗaya ce cikin mako. Kafinta shi gyara bencin da ya karye, yara suna kallo, suna miƙa masa ƙusa. Tela ta kai kekenta, ta nuna wa 'yammata yankan riga. Mai tireda shi koya musu lissafin uwa da riba. Wannan ai gayya ce irin ta iyayenmu, sai dai gonar yau yara ne.

Wani kuma zai ce a ransa, "In na koya masa, gobe zai ƙwace mini kasuwa." Wannan tsoro ba na bangaskiya ba ne. Akila da Biriskilla sun karɓi Bulus cikin sana'arsu ta ɗinkin tanti a Koranti, ba su ɗauke shi abokin gasa ba. Mai ciyar da tsuntsaye ba za shi manta da rumfarka ba. Gwanin da ya ɓoye saninsa, da shi za a bizne shi.

Kada kuma mu zaɓi 'ya'yan Kirista kaɗai. Ɗan maƙwabcinka Musulmi a benci ɗaya yake zaune da naka. Ka koya musu duka, kada ka nemi lada ko suna.

Saboda haka cikin makon nan ka tafi wurin hedimasta, ko kwamitin kula da makarantar unguwarku, ka gaya musu abin da ka iya da ranar da za ka zo. In ka yi alkawari kuwa, ka cika, gama yara ba su mantuwa.

Ubangiji shi albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.