Tukuicin Karatu: Shin Ana Iya Sayen Son Ilimi A Zuciyar Yaro?

Da wuya a samu gidan da ba a taɓa furta wannan magana ba: "In ka zo na ɗaya a jarrabawar nan, zan saya maka keke." A da keke ne ko sabon takalmi, yanzu kuma waya ce. Uban da ya faɗi haka alheri yake nufi, so yake ɗansa ya zama mutum. Amma akwai tambayar da ba kasafai muke yi wa kanmu ba: idan yaron ya dage ya zo na ɗayan, me ya koya? Ya koyi lissafi da Turanci, ko kuwa ya koyi cewa karatu wahala ce da ba a shan ta sai an biya mutum?

Mu ajiye tsoron bulala gefe guda, domin tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya gargaɗi malamai cewa tsanantawa na haifar wa yaro kasala da ƙarya da yaudara. Abubuwa biyu ne suka rage da ke kai yaro ga littafi. Na farko sha'awa, wato ya so abin don kansa. Na biyu lada, wato ya yi abin don ya samu wani abu daban.

Sha'awa kam kowa ya san ƙarfinta. Yaron da malami ya gaji da shi a kan bakwai sau takwas, shi ne zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal ko Barcelona da lambar rigar kowannensu ba tuntuɓe. Wani kuma zai wuni a rana yana ƙera mota da gwangwani da tsohon silifa, ta lalace ya gyara, ta sake lalacewa ya sake gyarawa. Ba wanda ya yi masa alkawarin ko sisi. Ashe ƙwaƙwalwar tana nan, haƙurin ma yana nan, inda zuciya ta karkata ne kawai suke bi.

To, me lada yake yi wa irin wannan sha'awa? A shekarar 1973, wasu masana halayyar ɗan'adam uku, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett, sun wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a makarantar ƙananan yara ta Jami'ar Stanford da ke Amurka. Sun zaɓi yara 'yan shekara 3 zuwa 5 waɗanda dama suna son zane da alƙaluma masu launi, suka kasa su uku. Kashi na farko aka ce musu in sun yi zane za a ba su takardar yabo mai ado. Kashi na biyu ba a faɗa musu komai ba, sai da suka gama aka miƙa musu takardar ba zato. Kashi na uku babu alkawari, babu kyauta. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake ajiye alƙaluman a aji, masu binciken suka ɓuya suna kallo. Yaran da aka yi wa alkawari sun yi zane na kusan rabin lokacin da sauran suka yi. Waɗanda kyautar ta zo musu ba zato kuwa, sha'awarsu ba ta ragu ba.

Ka lura, mai karatu, takardar iri ɗaya ce. Sharaɗin da aka gindaya ne ya yi ɓarnar. Da aka ce "yi kaza a ba ka kaza", sai wasa ya koma ƙwadago, kuma ɗan ƙwadago ba ya ɗaukar fartanya ranar da ba biya.

Sai dai wanda ya tsaya nan ya ce lada guba ne, ya yi gaggawar yanke hukunci. Yaran Stanford dama suna son zane. Ina labarin yaron da bai taɓa ɗanɗana daɗin karatu ba? Mutum ba ya son abin da bai iya ba, kuma matakin farko na kowane ilimi ɗaci gare shi: haɗa baƙi, haddace lambobi, maimaita abu ɗaya sau ashirin. Masu tarihi sun ruwaito cewa Imam Ghazali da ɗan'uwansa Ahmad sun taso marayu, kuma da ɗan abin da mahaifinsu ya bari ya ƙare, sai mai riƙonsu ya ba su shawara su shiga makaranta don su samu abin kaiwa baka. Abinci ne ya shigar da shi, amma ba abinci ne ya sa ya rubuta Ihya'u Ulumiddin ba. A cikin littafin ma ya shawarci iyaye su saka wa yaro da abin da zai faranta masa idan ya yi abin kirki, su yabe shi a gaban mutane, su kuma bar shi ya yi wasa bayan makaranta don kada zuciyarsa ta mutu.

Akwai kuma misali daga nahiyarmu. A 2001, a gundumar Busia da ke yammacin Kenya, an yi wa 'yan mata 'yan aji shida alkawarin cewa waɗanda suka shiga sahun kashi 15 cikin ɗari na sama za a biya musu kuɗin makaranta na shekara biyu, a kuma ba iyayensu kuɗin kayan karatu. Michael Kremer, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2019, da abokan aikinsa sun bibiyi shirin. Sun tarar makin 'yan matan ya ƙaru, har da waɗanda da wuya su ci kyautar, malamai ma sun rage fashin zuwa aji. Ga yarinyar da talauci ke shirin cire ta daga makaranta, wannan lada ƙofa ce aka buɗe mata. Kuma abin da aka ba ta ƙarin karatu ne, ba abin da zai ɗauke mata hankali daga karatun ba.

Ashe tambayar da ta fi amfani ita ce: a kan me ake bayar da ladan? Masanin tattalin arziki Roland Fryer na Jami'ar Harvard ya gwada biyan ɗalibai kuɗi a wasu biranen Amurka, ya wallafa sakamakon a 2011. A New York an biya su a kan makin gwaji, a Chicago a kan sakamakon darussa, amma ba a ga wani canjin a zo a gani ba. A Dallas kuwa an riƙa ba 'yan aji biyu dala 2 a kan kowane littafi da suka karanta, kuma yaran da ke karatu da Ingilishi sun samu ci gaba a fahimtar karatu. Bayanin da Fryer ya bayar mai sauƙi ne: yaran New York suna son kuɗin, amma ba su san hanyar da za su bi makinsu ya tashi ba. Karanta littafi kuwa abu ne da ke hannun yaro, ya san yadda zai fara yau.

Nan ne alkawarin "in ka zo na ɗaya" yake da babbar matsala. A ajin da ke da yara tamanin, kujerar na ɗaya guda ce tak. Yaron da ya tashi daga na sittin ya dawo na talatin ya fi kowa zufa, amma hannu rabbana zai koma gida. Sau biyu ko uku aka yi masa haka, zai gane cewa kasuwar ba tasa ba ce. Wanda kuma ya ƙwallafa rai a kan sakamakon ko ta halin ƙaƙa, hanya mafi kusa gare shi ita ce satar amsa. Muna kukan maguɗin jarrabawa, muna mantawa cewa a gida aka fara nuna wa yaro takardar sakamako ta fi abin da ke kansa daraja.

Yabo ma lada ne, shi ma yana da irin wannan tarko. A 1998, Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada yara 'yan aji biyar: wasu aka yabe su da cewa suna da basira, wasu da cewa sun yi ƙoƙari. Waɗanda aka yaba wa basira sun fi zaɓar aiki mai sauƙi don kada sunansu ya zube, sun fi saurin karaya da aikin ya yi tsauri, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku nasu sun ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su faɗa wa wasu yara. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari sun fi jure wuya.

Tun kafin waɗannan gwaje-gwaje, makarantar allo tana da nata tsarin da ya cancanci a dube shi. Ranar sauka ana ƙawata allo da zayyana, a ɗinka wa ɗalibi sababbin kaya, ya yi karatu a gaban malamai, a yi walima, dangi su ba shi tukuici. Ba gasa ba ce: duk wanda ya kai ƙarshe za a yi masa, ko shekara nawa ya ɗauka. Ana yin ta bayan aikin ya kammala. Abin da ake ɗagawa sama a nuna wa jama'a kuma shi ne allon da ya sha wanki da rubutu a hannunsa. Wannan karramawa ce, ta bambanta da ciniki. Ciniki yana cewa karatu kuɗin sayen wani abu ne. Karramawa tana cewa abin da ka yi babba ne, mun gani.

Saura batun samun abu da gumi. Gaskiya ne banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma yaron da duk abin da ya nuna da yatsa ake miƙa masa ya rasa wani darasi: cewa akwai alaƙa tsakanin abin da hannunsa ya yi da abin da ya samu. Yarinyar da ta yi wata uku tana koyon ɗinki kafin ta sa rigar da ta ɗinka da kanta, tana jin wani daɗi da ba a sayar da shi a kasuwa. Wannan daɗin na iyawa shi ne yake rikiɗewa ya zama sha'awa. Don haka ba laifi a ce wasu abubuwa sai an yi musu aiki. Amma dole a raba haƙƙi da ƙari. Abinci da sutura da kuɗin makaranta da fara'ar iyaye haƙƙin yaro ne, ko ya zo na ɗaya ko na kashin baya. Ranar da yaro ya fahimci cewa ƙaunar mahaifiyarsa tana hawa da sauka tare da makinsa, karatu ya zame masa abin tsoro, kuma mai tsoro ba ya tambaya, ba ya gwada abin da zai iya faɗuwa a kansa.

Abin da ya rage wa iyaye da malamai shi ne lura. Inda sha'awa ta riga ta tsiro, kada a sa mata farashi, a kawo mata taki: mai son zane a ba shi takarda, mai son kwance rediyo a kai shi wurin mai gyara, mai son labari a ajiye masa Magana Jari Ce kusa da shimfiɗarsa. Inda ba ta tsiro ba, a yi amfani da ƙaramin lada a kan aikin da yaro ke iya yi yau, kamar shafi biyar ko lissafi goma, a riƙa janye shi a hankali yayin da iyawa ke zuwa. A gwada shi da jiyansa, a daina gwada shi da ɗan maƙwabta.

Ma'aunin ko an dace ba ya cikin takardar sakamako. Yana cikin dogon hutu, lokacin da ba jarrabawa, ba alkawari, ba mai kallo. Idan a irin wannan rana aka tarar da yaro ya buɗe littafi da kansa, ko ya zo da tambayar da ba malamin da ya ba shi, to an ba shi abin da zai riƙe shi har bayan iyayensa sun daina iya saya masa komai.